Ramin da Baffa Ya Haƙa

Akwai maganar da nake so in gyara muku tun ina da sauran hankalina. Kun taso kuna jin 'yan uwanku na Kaduna, 'ya'yan Yaya Bitrus, suna cewa an binne kakanku kamar ba Kirista ba, babu akwati, a ramin Musulmi, kuma wai ni ce na jawo. Ban taɓa tanka musu ba, domin abin da suka ji a gida shi suke maimaitawa. Amma ni ina wurin, su kuwa ba a haife su ba. Rabin maganar gaskiya ne. Sauran rabin shi zan rubuta muku a nan.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai ta Sistoci abin ya faru. Na dawo gida, 'yar unguwarmu da ke bayan Sheme a ƙasar Faskari, ina jiran a tura ni makarantar da zan koyar. Lokacin kuɗin mai ne. Duk saurayin da ke da ƙarfin ɗaga buhu ya bar fartanya ya tafi birni, wasu masaƙa, wasu aikin titi, wasu soja. Sukan dawo da Kirsimeti da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa, su yi mana kwana kaɗan su koma. Cocinmu ɗaki ne na laka mai jinka, ƙararrawarsa tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa. Ranar Lahadi idan ka leƙa, mata ne da yara da tsofaffi. Fada, limamin cocinmu, yana Funtua, sai jefi-jefi yake zuwa. Sauran Lahadin Malam Audu Katakis, mai koyar da addini, shi ke ja mana addu'a, ga shi ido ya fara yi masa gardama.

Kakanninmu Maguzawa ne. Babana Bawa ya karɓi baptisma aka sa masa Yusufu, ƙanensa Dan'asabe kuma ya musulunta, har ya hau jirgi ya sauke farali, ya zama Alhaji. Mu Baffa muke ce masa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Baffa ne ke yanka mana akuyar Kirsimeti don kowa ya ci, Baba kuma ba a raba naman layya sai an kawo masa cinya. Ban taɓa jin sun yi cacar baki kan addini ba. Sai dai akwai wani shiru a tsakaninsu wanda ko yaro zai lura da shi: sukan zauna a tabarma ɗaya su yi hirar auduga da farashin taki, idan aka kira salla ko aka buga ƙarfen coci, ɗaya ya tashi, ɗayan ya sunkuyar da kai kamar ya ga wani abu a ƙasa.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka babu mai kiran sunana a cikinsu, Uwale suke ce mini. Sistoci ne kawai ke ce mini Tereza, sunana na baptisma. Yarinya ce ni mai yawan tafiya ina zaune. Inna takan ce idan aka aike ni rijiya sai na tsaya na gaisa da kowane gajimare. Ba a sa ni cikin shawara, ni ma ban nema ba.

Da damina ta yi tsaka ciwon ƙirjin Baba ya kwantar da shi. Fada ya zo ya ji ikirarin zunubansa, ya shafa masa mai a goshi da tafin hannu, ya ba shi Jibin Ubangiji. Aka aika wa Yaya Bitrus, ya zo a kan sabon babur. Wata rana da hantsi ina yi wa Baba fifita, Inna na daka a tsakar gida, sai ya buɗe ido.

"Uwale, matso."

"Ga ni, Baba."

"In na tafi, a jira Fada, ko da za a kwana. Ina son ruwan nan da turaren nan, a karanta mani da Hausa yadda zan ji. Sannan Dan'asabe ne zai shiga ramin ya karɓe ni da hannunshi. Ni na goye shi bayan uwarmu ta mutu, har bayana ya yi kanta. Ya rama mani goyona."

"Baba, ka faɗa wa Yaya mana. Ni wa zai saurare ni?"

"Yayanki ba ya jin magana sai ta kanshi. Ke ko sunan uwarmu gare ki. Dan'asabe bai iya musa maki."

Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. Na ce to, don in kwantar masa da hankali. A zuciyata ina ganin rana ce mai nisa.

Ba ta yi nisa ba. Ya cika da la'asar, ana yayyafi. Inna ta shafe masa ido, ta naɗa masa Rosari, carbinmu na addu'a, a yatsu. Yaya Bitrus bai zauna ba, ya hau babur ya nufi Funtua don ya ɗauko Fada. Kafin magariba Baffa ya shigo da mutanen masallaci a bayansa, idonsa ja.

"Uwale, gawa ba ta kwana. Haƙƙinta ne a gaggauta ta. Ina yayan naki?"

"Ya tafi kiran Fada, Baffa. Baba ne ya ce a jira, ko da za a kwana."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin. Na buɗe baki zan ida masa sauran saƙon, sai wani ya ja shi gefe kan maganar tabarmin zaman makoki, suka fita. Matan coci suka taru, Malam Audu ya ja Rosari, muka raira waƙoƙin da Baba yake so. Malam Audu da wani dattijo suka yi wa Baba wanka, suka naɗe shi da farin ƙyalle, yadda aka saba yi wa duk wanda ya mutu a cikinmu.

Abin da ban sani ba shi ne, da aka idar da sallar asuba Baffa ya dubi mutanensa ya ce musu cocin nan babu namiji mai ƙarfin riƙe diga, kuma ba zai bari yayansa ya rasa makwanci ba. Suka ɗauki diga da shebur suka zagaya maƙabartarmu da ke bayan coci, wurin da ba su taɓa takawa ba. Suka haƙa kabari irin wanda suka iya: rami mai faɗi daga sama, sannan a tsakiyarsa wani siriri daidai jikin mutum idan ya kwanta a gefen dama yana fuskantar gabas. Suka saro itatuwan rufi, suka kwaɓa laka suka ajiye a gefe. Babu wanda ya gaya musu wani abu dabam, domin babu wanda ya san akwai wani abu dabam.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga a-kori-kura tana tangaɗi cikin taɓo, Fada a gaba, Yaya a kan babur yana binta. A baya kuwa akwatin gawa ne. Ba a taɓa ganin irinsa a unguwarmu ba. Ja ne, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, da marikai masu ruwan zinariya, cikinsa an shimfiɗa farin yadi mai santsi. Yara suka kewaye motar. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta shafa shi da hannu.

"Ikon Allah! Wannan na lefen wace ce?"

Har Inna sai da ta murmusa cikin hawaye. Yaya ya sa aka kwantar da Baba a ciki da ƙyallensa, aka kai shi coci.

Fadan nan tsohon Bature ne, Hausarsa ta Katsina ce amma ta hanci take fitowa. Ya sa riga mai ruwan makuba, ya tare mu a bakin ƙofa, ya yayyafa wa akwatin ruwa mai tsarki, ya ce da ruwa aka shigo da Yusufu cikin ikilisiya, da ruwa za a raka shi. Aka kunna babbar kyandir ta Ista a wajen kansa. Ni aka ba karatu, na yi da Hausa. Da aka gama sujadar Mas Fada ya zagaya akwatin da turare, hayaƙin ya hau ya tsaya a ƙarƙashin jinka, hasken taga ya ratsa shi. Na tuna ina kallonsa ina cewa a raina, ashe addu'a ma tana da jiki. Rabin saƙon Baba ya cika.

Muka fito da shi, gicciye a gaba, mata a baya muna waƙa. Baffa da mutanensa suna tsaye a gindin ɗorawa, laka har gwiwa. Da suka ga mata za su bakin kabari suka kawar da kai, don a wurinsu mace ba ta zuwa. Masu ɗauke da akwatin suka iso bakin ramin suka tsaya cak. Waƙar ta mutu a bakinmu. Ko yaro ya ga akwatin nan ba zai shiga ba.

Yaya Bitrus ya leƙa ramin, ya ga siririn makwancin, ya ga itatuwa da laka. Fuskarsa ta canja.

"Wa ya yi wannan?"

Baffa ya matso. "Ni ne, ɗana. Ban san da akwati za ka zo ba."

"Ba ka sani ba! Har gabas kun fuskantar da shi. Kun kasa musuluntar da shi yana da rai, sai yanzu da ba ya iya magana?"

"Bitrus," in ji Malam Audu, "baffanka ne fa."

"A kawo diga a rushe wannan abin. A faɗaɗa shi. Da igiya ake saukar da Kirista, babu mai shiga."

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya dubi hannuwansa, duk sun yi bororo.

"Ramin da na iya ke nan. Irinshi zan kwanta ni ma. In bai yi maku ba, ku yi haƙuri." Ya juya ga mutanensa. "Ku taho mu tafi. Mun shiga abin da ba namu ba."

Ya sunkuya yana neman takalmansa a cikin ciyawa. Na san Baffa. Idan ya bar wurin nan, ba kabarin kawai zai bari ba, katangar nan ta gida za ta zama dutse har 'ya'ya da jikoki. Kuma Baba zai sauka a kan igiya, babu hannun da ya roƙa.  Ban taɓa magana a gaban maza uku ba, balle taron unguwa. Ban san lokacin da na fito daga cikin mata ba.

"Baffa, tsaya."

Ya ɗago a hankali. "Uwale, koma cikin mata."

"Saƙo gare ni. Jiya ban ida maka ba. Baba ya ce kai za ka shiga ramin ka karɓe shi da hannunka. Ya ce shi ya goye ka har bayansa ya yi kanta. Ya ce ka rama masa goyonsa."

Takalmin ya faɗi daga hannunsa. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa ba balle hawayensa.

Yaya ya ce, "Ƙarya take! Ni ne babba, me ya sa bai faɗa mini ba?"

Na san amsar za ta yi masa ciwo. Na juya ga Fada.

"Fada, dole ne sai da akwati?"

Ya dubi ramin. Sannan ya ce ikilisiya tana son ruwa da addu'a da ƙasa mai albarka, akwati kuwa al'ada ce mai kyau amma ba doka ba. Ya ce Ubangijinmu ma da farin ƙyalle aka naɗe shi, a kabarin da wani ya haƙa. Gabas kuma, in ji shi, mu ma can muke duba, don daga can muke jiran dawowarsa.

"Amma ni baƙo ne," ya ƙara. "Maganar ta iyali ce."

Kowa ya dubi Inna. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A yi abin da ya faɗa ma yarinyar."

Nan Yaya ya durƙusa ya dafa akwatin, ya fashe da kuka irin na yara. Ina so ku ji wannan da kyau, don kada ku ɗauke shi mugu. Cewa yake yi, "Ban yi masa komai ba yana da rai. Kwanon rufi ma na ce sai kaka. Wannan kaɗai na kawo masa. Ba na so ƙasa ta zubo masa a fuska." Duk hanyar Funtua cikin ruwan sama, abin da ke ransa ke nan. Baffa ya ɗauko itace ɗaya ya nuna masa.

"Ba ta taɓa shi, ɗana. Don haka aka yi waɗannan. Ɗaki ne ake yi mashi."

Yaya bai ɗaga kai ba.

Fada ya albarkaci ramin, ya yayyafa masa ruwa, ya yi addu'ar miƙa rai. Duk lokacin nan Baffa yana can gindin ɗorawa ya ba mu baya, don addu'ar ba tasa ba ce, kuma babu wanda ya ce ya matso. Sai da muka ce amin ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin ramin. Aka ɗauko Baba daga akwatin aka miƙa masa. Ya rungume shi a ƙirji, ya tsaya haka, ya daɗe fiye da yadda ake yi. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Yaya, ashe haka ka koma ba nauyi."

Ya kwantar da shi, ya gyara masa ƙyallen wajen kai, ya jera itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya toshe kowace kafa da laka. Sannan muka bi layi kowa ya zuba ƙasa da hannunsa, har mu mata. Yaya ya zuba tasa. Malam Audu ya kafa gicciyen katako. Kafin azahar Yaya ya hau babur ya koma Kaduna, bai tsaya karɓar gaisuwa ba, bai dube ni ba.

Abin da maganar nan ta ci mini ke nan: yayana. Bai zo aurena ba. Na haifi babbarku bai aiko ba. Idan ya zo ganin Inna, ina shiga yana fita. A makonnin farko na kasa addu'a. In na ɗauki Rosari sai in ga akwatin nan a jingine a bayan coci, ruwa yana dukansa, in ce anya ban raba gida da bakina ba? Anya ban tauye wa Baba darajarsa ba? Nakan je bakin gonar audugarsa in zauna, ba na kuka, ba na tunani, kamar an kwashe kayan ɗaki an bar ni da bango.

Sai da watan tunawa da matattu ya kama, bayan an yanke gero, audugar ta fashe fari fat. A al'adarmu ranar biyu ga watan ake zuwa kaburbura da yamma, a share su, a kunna kyandir, a yi wa waɗanda suka riga mu addu'ar hutawa. Na je da tsintsiya da fartanya, sai na iske kabarin Baba a nome tas, an tada masa ƙasar da ruwa ya zaizaye, an miƙar da gicciyen da ya karkace an tokare shi da duwatsu. Ga sawun takalmin Baffa da na sani a kan ƙasar. Na kunna kyandir, iska ta kashe. Na sake, ta kashe. Inna ta tsinto wani fasasshen kasko ta kare ta da shi, wutar ta tsaya.

"Kin ga," in ji ta, "ba sai kin riƙe ta ba. Kare ta kawai za ki yi."

Muka durƙusa. Malam Audu ya fara kiran sunayen matattu, muna amsawa. Da ya kai kan Yusufu sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Ba wani abin mamaki na gani ba. Na dai ji a jikina cewa Baba ba a hannuna yake ba, ba a hannun Yaya ba, ba ma a hannun Baffa ba. Dukanmu miƙa shi muka yi, hannu zuwa hannu, har ya isa ga Wanda ba ya saki. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun damina, na koma gida na ci tuwo.

Akwatin kuwa, Malam Audu ya sa kafinta ya warware shi aka yi benci biyu. Su ne jajayen nan na gaba da kuka zauna a kai kuna yara.

Shekaru suka wuce, har na fara furfura, sannan Baffa ya rasu, shi ma da damina. Na iso daga Ƙanƙara inda nake koyarwa, na tarar maza sun tafi maƙabarta. Muna zaune da mata a gidansa sai wata ta raɗa mini cewa wani mai mota daga Kaduna ya tuɓe riga ya karɓi diga, an ce ya bari ya ƙi, shi ya haƙa siririn ramin na ciki da kansa, yana tambaya ko ya yi daidai. Da aka dawo na gan shi a bakin zaure, ashe Yaya ne, ƙato da tumbi, laka har gwiwa. Ya daɗe yana kallona. Bai ba ni haƙuri ba, har ya mutu bai yi ba, kuma bai gyara labarin a gidansa ba. Hannuwansa kawai ya miƙo, duk sun fashe.

"Uwale, akwai ruwa?"

Na ɗauko buta na zuba masa.